Ganyen waken soya ya yi rawaya: a tona saiwa kafin a sayi taki

Shirin rediyo na karatun manya

Muna gaida malamai da ɗalibai na azuzuwan karatun manya, maza da mata, ko'ina kuke. Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Magarya da ƙasar Dungas: na Bande, na Waca, na Yekuwa, na Sasumburum, na Dogo-Dogo, na Guci da na Malawa. Hirar yau taku ce. Ku matso kusa da akwatin rediyo. Mai kaye ya buɗe kayensa, mai allo ya share allonsa, don akwai kalmomi da lambobi da za mu rubuta tare.

Kowa ya san awara. Da safe tana bakin lakol, da marece tana bakin tasha, ranar kasuwa kuwa ba a magana. Mata da yawa da ita suke sayen sabulu da gishiri, da ita suke yi wa yara ɗinkin salla. Waken da ake yin ta da shi, wato waken soya, wanda a Nijeriya suke ce wa waken suya, yawancinsa daga gonakin Nijeriya yake shigo mana. In ya yi tsada can, tiya ta yi tsada nan. Shi ya sa wani manomi yakan ce: bari in gwada shi a gefen gonata, ko a bakin fadama. Tunani ne mai kyau. Sai dai a sani, waken soya ya fi wakenmu na gida son ruwa, kuma ba kowane iri ne zai nuna kafin damina ta ɗauke a ƙasarmu ba.

To, ga manomi ya shuka. Shuka ta fito, ya yi noma, komi lafiya lau. Bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki ya je gona da sassafe, ya tarar ganyen sama ya yi rawaya kamar garin ɗorawa, wani ma har ya yi fari-fari. Gabansa ya faɗi. Ba mu ga laifinsa ba. Dattawanmu ba su manta da shekara ta 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Nijar da arewacin Nijeriya. Ƙasar Magarya kuwa ƙasar gyaɗa ce a lokacin, har da masana'antar tatsar mai. Wanda ya ga wannan shekara, in ganye ya sake kama ba ya barci.

Me manomin nan zai yi? Wani ya sayar da akuya ya sayo farin taki, wato ure. Wani ya sayo maganin feshi. Wani kuma ya yi fushi, ya tuge shukar, ya ce ƙasarmu ba ta karɓe ta ba. Duka ukun suna iya yin hasara a banza. Kafin ka kashe ko dala ɗaya, dubi ganyen da kyau, sannan ka tona saiwa. Yau za mu faɗa muku abin da za ku gani a can ƙasa, da ma'anarsa.

Baƙo da mai masauki

Duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa ya ga waɗansu ƴan gudaji manne a jikin saiwa, kamar ƙwayar dawa, wasu ba su kai ba. Akwai su a saiwar wake, akwai su a saiwar waken soya. Waɗansu mutane suna zaton ƙuraje ne, ko ƙwan tsutsa. Ba ciwo ba ne. Ɗakuna ne. A cikin kowane ɗaki akwai baƙi masu rai, dubbai bisa dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana suna kiran irin waɗannan ƙananan halittu bakteriya. Waɗannan na cikin saiwa sunansu rizobiyom.

Mu rubuta tare. Gaɓa huɗu ce: ri - zo - bi - yom. Malam, a rubuta a babban allo. RIZOBIYOM.

Kun san yadda fatake suke sauka gidan fatoma. Fatoma ya ba su ɗaki da abinci, su kuma su ba shi la'ada. Haka yake tsakanin shukar wake da rizobiyom. Shuka ita ce mai masauki. Tana gina wa baƙon ɗaki a jikin saiwarta, tana aiko masa da zaƙin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Shi kuma yana biyan ta da taki.

Ina yake samun takin? Daga iska. Iskar nan da muke shaƙa, in an raba ta kashi 100, kashi 78 wani abu ne da ake kira azot. A Nijeriya suna cewa naitirojin. Shi ne abincin da ke sa ganye ya yi tsanwa shar, shi ne ke cikin farin taki da muke saye da tsada. Ga shi ya cika sama da ƙasa, amma hatsi ba ya iya cinsa daga iska, dawa ba ta iyawa, masara ba ta iyawa. Rizobiyom ne ke iya kama shi, ya juya shi ya zama abin da shuka za ta sha. Ka ga gonar wake tana da masana'antar taki a ƙarƙashinta, ba inji, ba gazuwal, ba kuɗin mota.

Kakanninmu sun san haka tun ba su san sunansa ba. Sun san inda aka yi wake bara hatsi yana kyau bana. Sun san a haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. Turawa ma ba su gane asirin ba sai a shekara ta 1886, da waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa gudajin nan ne ke kawo wa dangin wake azot. A 1888 wani masani na ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar halittar kanta ya raine ta ita kaɗai.

Gawo ma ɗan gidan wake ne, dubi ƴaƴansa ka gani. Shi ma yana saukar da baƙin nan a saiwarsa. A ƙasar Senegal masana sun haƙa ƙasa ƙarƙashin gawo, suka tarar da su a raye har zurfin mita 34, kusa da ruwan ƙasa. An buga labarin a 1992. Mutanen Magarya da Matamai da Mirya, waɗanda suka bar gawo ya sake tsirowa cikin gonakinsu har duniya ta san da su, sun yi wa ƙasarsu gata babba.

Baƙon da ke sa guba

Yanzu mu zo ga zancen da ya tara mu. Baƙi ba duka halinsu ɗaya ba. Rizobiyom dangi ne mai yawa, kamar yadda wake yake iri-iri. Wani ma'aikaci ne ƙwarai. Wani rago ne, ya ci abincin mai gida, la'adarsa ba ta taka kara ta karya ba. Akwai kuma wani mai ban mamaki: yana biyan la'ada, amma yana kuma sakin guba cikin gidan da ya sauka.

A ƙasar Amurka aka fara lura da shi. A shekarun 1956 da 1957 malaman gona na can suka ba da labarin wani irin waken soya mai suna Lee, wanda sabon ganyensa yake fitowa rawaya. Aka duba, ba tsutsa, ba ƙwaro, ba yunwar taki. Da suka bi sawu, sai sawun ya kai su cikin gudajin saiwa. Shukar da ta saukar da wani irin rizobiyom ta yi rawaya. Wadda ta saukar da wani irin daban ta zauna da tsanwarta. Suka matse gudajin shukar da ta yi rawaya, suka ba ƴan tsiron da ke lafiya ruwan, su ma sabon ganyensu ya fito rawaya. Har da tsiron dawa suka yi gwajin, don dawa tana nuna alamar da wuri. A 1965 wani masani mai suna Lowell Owens, da abokin aikinsa, a wani gidan binciken noma da ke Beltsville kusa da birnin Washinton, suka tace gubar ita kaɗai. A 1972 aka gane yadda ƙirarta take. Sunanta rizobitoksin, ma'ana gubar rizobiyom. Shi kuma dangin da ke yin ta, a 1992 aka raɗa masa suna nasa na kansa, elkani, don girmama wani malami mai suna Elkan.

Mu rubuta: ri - zo - bi - tok - sin. Gaɓa biyar. Wanda ya rubuta ta farko, wannan ba za ta ba shi wuya ba, don gaɓa uku na farko iri ɗaya ne.

Yaya gubar take aiki? A cikin gudajin saiwa ake yin ta. Daga nan ta bi hanyar da ruwa ke bi cikin kara, ta hau sama, ta taru inda sabon ganye yake tohowa. Can take toshe wa shuka hanyar haɗa wani abin gina jiki da jaririn ganye yake bukata. Sai ganyen ya buɗe ba tsanwa. Tsohon ganye na ƙasa, da ya riga ya gama girma, ba ta dame shi ba. Ku riƙe wannan da kyau: gubar saiwa a ganyen sama take nunawa, ba a na ƙasa ba.

Abu na biyu da za ku riƙe: sau da yawa abin wucewa yake yi. Ganye ɗaya ko biyu su fito rawaya, na bayansu ya fito da tsanwarsa, shuka ta ci gaba da girma. Ba mu ce ba ta rage komi ba. A gwaje-gwajen Amurka an ga irin da ba ya jure ta ya tsumbure, amfaninsa ya ragu. An kuma ga irin da ko gezau bai yi ba. Wato abin ya danganta ga haɗuwar biyu: wane baƙo ne, kuma wane mai masauki ne.

Mai saurare zai ce: to, me ya kai baƙo cutar mai gidan da ke ciyar da shi? Masana ma sun daɗe suna wannan tambaya, sai wajen 1999 amsa ta fito, yawancinta daga masana na ƙasar Japan. Ga yadda abin yake. Shuka ba ta yarda kowa ya shigo mata barkatai, don ciyar da baƙo tsada gare shi. Tana da mai gadi a bakin ƙofa. Mai gadin nan wata iska ce da shuka take fitarwa, ana kiran ta etilen. Kun san aikinta ko ba ku san sunanta ba: ita ce ke nunar da mangwaro da ayaba da tumatir in an rufe su cikin kwando. A saiwa kuwa aikinta shi ne ta ce wa baƙi: ya isa haka, gida ya cika. Ita gubar rizobitoksin tana hana shuka yin etilen. Wato tana sa mai gadi barci, baƙo ya shige. An gwada a wani ƙaramin koren wake na ƙasashen Asiya, da wata ciyawar dabbobi ƴar gidan wake, aka ga mai gubar ya fi marar gubar samun ɗakuna. A waɗannan gidaje gubar mabuɗi ce. A gidan waken soya ne mabuɗin yake ɓarna, ya hau sama ya taɓa ganye.

Wani abin mamaki kuma, a 1986 aka gano cewa wata bakteriya daban, mai sa wa ganyen dawa dogayen jajayen zane, ita ma irin gubar nan take yi. Har an taɓa tunanin a yi maganin kashe haki da ita. Wannan dai a gefe muka faɗa.

Me ya haɗa mu da labarin Amurka? Abu biyu. Na ɗaya, dangin rizobiyom ɗin nan ba a Amurka kaɗai suke ba. A ƙasar Afirka ta Yamma an sami ƴan uwan elkani na kusa a saiwar wake da saiwar gawo. Na biyu, irin waken soya da ya fi yawa a kasuwannin Nijeriya, an ƙirƙiro shi ne musamman don ya saukar da baƙin da ke cikin ƙasarmu. Da can waken soya zaɓe gare shi, ba ya karɓar kowane baƙo sai nasa na gado daga ƙasar Sin, inda asalinsa yake. Sai cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da iri mai sakin fuska, wanda yake karɓar baƙin da wakenmu na gida yake karɓa. Wannan alheri ne babba ga talaka, don ba sai ya sayi komi ba saiwarsa za ta yi gudaji. Amma gidan da ƙofarsa take buɗe, nagari zai shigo, rago zai shigo, wani iri ma zai shigo. Saboda haka ya kamata manomi ya iya karanta ganye da saiwa kamar yadda yake koyon karanta takarda.

Yadda za ka duba

Ka je gona da hauya, da ƙwarya da ɗan ruwa, da reza. Lokacin da ya fi kyau shi ne sati biyar ko shida bayan shuka, ko in fure ya fara.

Fara da ganye. Tsuguna ka duba: wane ne ya yi rawaya, na ƙasa ko na sama?

In na ƙasa ne, tsofaffi, kuma duk shukar ta yi fari ta ƙi girma, yawanci yunwar azot ce. Shuka in ta ji yunwa takan kwashe abincin tsohon ganye ta kai wa sabo, kamar yadda uwa take hana cikinta ta ba yaro. Wannan ba guba ba ce. Ma'anarsa baƙi ba su zo ba, ko sun zo ba sa aiki.

In na sama ne, sababbi, to sai a yi hankali, don masu laifin suna da yawa. Dubi jijiyoyin ganyen. In jijiyoyin sun zauna da tsanwa, tsakaninsu ne ya yi rawaya, kuma wurin fadama ce inda kanwa take fitowa fari-fari bisa ƙasa da rani, to ƙasar ce ta riƙe sinadarin ƙarfe ta hana shuka. Waken soya ba ya son ƙasa mai kanwa. A nan za ka ga rawayar ta kama wuri guda, fili ɗaya, duk shukar da ke wurin. In ganyen ya yi dabbare-dabbare, ya tattare, ya murɗe, kuma ga darɓa ko ƴan fararen ƙudaje a bayansa, wannan ciwo ne da ƙwari suke kawowa, ɗan uwan kuturtar gyaɗa. In kuwa ganyen sama ya yi rawaya sumul, bai murɗe ba, ba ƙwaro, shuka nan rawaya maƙwabciyarta tsanwa, ƙasar kuma jigawa ce ba kanwa, to saiwa ce za ta raba gardama.

Kada ka fizge shukar da hannu. In ka fizge, gudajin za su tsinke su zauna cikin ƙasa, ka ce babu. Sa hauya ka tono ta da ƙasarta, kamar taki ɗaya na hannu daga gindin. Sa ta cikin ƙwarya, ka wanke a hankali. Tona uku ko huɗu, daga masu rawaya da masu tsanwa, don shaida ɗaya ba ta isa shari'a.

Yanzu dubi gudajin. Murza ɗaya da yatsa. In ya ɓalle daga jikin saiwa cikin sauƙi, ɗakin rizobiyom ne. In ya ƙi ɓallewa, saiwar ce kanta ta kumbura, wannan aikin wata ƴar tsutsar ƙasa ce, wadda masu lambun tumatir suka sani sarai. Sannan ka tsaga gudajin da reza ka dubi cikinsa. In ja ne, ko ja-ja kamar ɗanyen nama, baƙo yana aiki, taki yana shiga. Jan nan ɗan uwan jan da ke cikin jininmu ne. In fari ne, ko dai yaro ne bai fara aiki ba, ko rago ne. In kore ne ko baƙi-baƙi, ya tsufa, ya ajiye aiki.

To ga hukunci. Ganyen sama rawaya, gudaji da yawa, cikinsu ja: shukar nan ba ta jin yunwar azot. Kada ka sayar da akuyarka. Farin taki da yawa ma korar baƙi yake yi, don shuka in ta sami azot a sauƙaƙe sai ta daina ciyar da su, ka sayi abin da kake samu kyauta. Maganin feshi kuwa ba ya kai wa ga abin da ke cikin saiwa. Ɗaura wa shuka biyar ko shida tsumma a kara don ka gane su. Ka dawo bayan sati biyu. In sabon ganyen da ya fito bayan tsumman tsanwa ne, abin ya wuce, bar gonarka ta yi. In rawayar ta ci gaba, ɗauki shuka biyu da saiwarsu cikin jiƙaƙƙen tsumma ka kai wa malamin gona.

Ganyen ƙasa rawaya, gudaji babu ko ƴan kaɗan farare: nan ne ɗan farin taki zai yi amfani bana, don a ceci abin da za a iya ceta. Amma gyaran gaske na baɗi ne. Ka tuna kuma, rairayinmu in ya yi zafi ya bushe, baƙin suna mutuwa, in ruwa ya kwanta kwana da kwanaki suna shaƙewa. Kuma jigawarmu tana da ƙarancin fosfor, abincin da gudaji ba sa ƙulluwa sai da shi. Takin gida da takin supa sun fi farin taki amfani ga duk dangin wake.

Tambayar mata

Mun san abin da ke ran iyayenmu mata tun da muka ambaci guba. Awara fa? Madarar soya da kunun yara fa? Ku kwantar da hankalinku. Wannan guba ta ganyen shuka ce, a gudajin saiwa da sabon toho ake samun ta. Ga misali. Ƙasar Barazil ita ce kan gaba a duniya wajen noman waken soya. Shekaru da dama manomanta suna shafa wa irinsu rizobiyom da gangan kafin shuka, kuma biyu daga cikin ire-iren da hukumarsu ta yarda da su ƴan gidan elkani ne. Da su suka huta da sayen azot, kuma waken nasu duniya take ci. Abin da za a kiyaye a waken soya daban ne, kuma kun riga kun san shi: ba a cinsa ɗanye. Ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da abinci, wuta ce take kashe shi. A tafasa madarar sosai, a dafa garin sosai, musamman in na yara ne.

Inda karatu yake shigowa

Wanda ya sayi iri a tiya, a buɗaɗɗen buhu, bai san sunan abin da ya shuka ba. In ya yi kyau bai san abin da zai nema baɗi ba, in ya ɓaci bai san abin da zai gudu ba. Irin IITA yana da suna, kuma sunan yana farawa da baƙaƙe uku. Ku rubuta: T, G, da ƙaramin x. TGx. Bayansu lambobi ne. Ga biyu da aka sani a arewacin Nijeriya: TGx 1448-2E, da TGx 1835-10E. Na biyun ya fi saurin nuna, ƙasa mai gajeriyar damina kuwa mai sauri take so. Ku tambayi malamin gona wanda ya dace da wurinku kafin ku saya. In iri ɗaya ya yi maka rawayar sama shekara biyu a jere a gona ɗaya, sake iri. Baƙon da ke cikin ƙasa ba ka iya korarsa, amma kana iya sake mai masauki.

Akwai kuma hanyar gayyato baƙon kirki tun daga farko. Ana sayar da rizobiyom zaɓaɓɓe cikin ƴar leda, baƙin gari ne kamar garin gawayi. Wanda IITA take yi sunansa NoduMax. Ba taki ba ne, ba maganin ƙwari ba ne, abu ne mai rai. Saboda haka karanta ranar da ke jikin ledar. In ranar ta wuce, ko ledar ta yini cikin rana bisa tebur, gawa za ka saya. Karanta kuma ka ga an rubuta na waken soya ne. Yadda ake aiki da shi: a jiƙa ɗan ƙaro cikin ruwa, a yayyafa wa irin ya yi danshi, a zuba garin a gauraya har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. A inuwa ake yi, a bar shi ya sha iska kaɗan, a shuka ran nan cikin ƙasa mai laima, a rufe rami nan da nan. In ka riga ka sa wa irin maganin iri mai launi, faɗa wa malamin gona, don wani maganin yana kashe su.

Wata riba kuma da ba mu so mu manta: ƙudujin da ke cin hatsi da dawa ba ya iya kama saiwar waken soya. Waɗansu ire-irensa ma suna ruɗin ƙwayar ƙuduji ta tsiro, ta rasa abin kamawa ta mutu. Wanda ƙuduji ya dame shi a wani gefen gona, ya tuna da wannan.

Ga aikin wannan sati. A kayenka ka ja layi huɗu. Layi na ɗaya: sunan iri. Na biyu: ranar shuka. Na uku: ranar da na ga rawaya, a sama ko a ƙasa. Na huɗu: launin cikin gudaji. Wanda bai shuka waken soya ba, ya yi da wake ko gyaɗa, duk gida ɗaya ne. Malamai, ranar karatu mai zuwa kowane ɗalibi ya zo da shuka ɗaya da saiwarta. A ƙirga gudajin tare, a rubuta lambar a allo, a tsaga a ga na wa ya fi ja. Abin da kuka gani ku rubuto mana da hannunku, ko layi biyu ne, za mu karanta a wannan fili.

Sai sati mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Assalamu alaikum.